Sakata a Ƙarƙashin Teku, da Masu Dariya a Bencin Mai Shayi

Tun kafin in gama sallama na hango Alhaji a kan benci ya tura hula ƙeya, yana cewa, "To, yau kuma da wace aka zo?" Da zancen teku na zo, Alhaji. I, teku, wadda daga ni har kai babu wanda ya taɓa tsoma ƙafa a cikinta, in ban da ranar da ka leƙo ta ta tagar jirgin Jidda ka yi maza ka ja labule.

A can gabashin Amurka da Kanada akwai samari da 'yan mata masu karatun injiniyan kanikanci, waɗanda ke barin aji su tafi koyon aiki na wata uku ko shida. Wasunsu suna tsallake kamfanin mota da na jirgin sama su nufi ɗan shagon da ake ƙera sakata. Sakatar kuwa aikinta ɗaya ne: ta kwanta a ƙasan teku kwana da kwanaki riƙe da igiya, ranar da aka kira ta, ta saki. Duk wannan wahala don kada wata dabba ta sarƙe.

Ku yi dariyarku, ina jira. Shayin ma bai huce ba.

Dabbar ita ce wadda Turawa ke kira wel, Larabawa su ce hutu. Mu dai ba mu raɗa mata suna ba, don ba ta taɓa zuwa gaisuwa Argungu ba. Giwan ruwa kifi ne da ya riga ya kama sunan, ayu ma da mai shi, don haka bari mu ce giwar teku. Malam da ke can gefe ya ce ai ya san ta, ita ce ta haɗiye Annabi Yunus, Alaihis Salam. Malam, wannan fagenku ne, ba zan shiga ba. Abin da na sani shi ne wadda nake magana a kai ba kifi ba ce: da huhu take numfashi, haihuwa take yi, ta shayar da ɗanta nono. Irin da nake nufi, wadda ke Arewacin Atlantika, tsawonta kan kai mita 15, nauyinta ya haura tan 60, wato tirela biyu ta siminti ke nan har da ɗoriya. Amma abincinta wasu 'yan ƙwari ne na ruwa da ba su fi ƙwayar shinkafa ba. Tafiya take yi baki buɗe tana tace ruwa, kamar mai tankaɗe da rariya. Ku riƙe zancen bakin nan, za mu dawo kansa.

Mafarauta a da sun so ta ne don tana tafiya sannu-sannu kusa da gaɓa, ga kitse, in an kashe ta kuma gawar ba ta nutsewa. Haka suka yi ta ɗiba har aka hana a 1935. A ƙiyasin 2024, waɗanda suka rage ba su wuce 370 da 'yan kai ba, kuma matan da ke haihuwa a cikinsu kusan 70 ne. Ɗaurin auren ɗiyar Alhaji na bara ya fi su jama'a. Saboda ƙarancinsu ne ma masu bincike a New England Aquarium da ke Boston suka san kusan kowace ɗaya, suna gane su ta kirci-kircin da ke kansu, kowace da lambarta, wasu har da suna.

"To ina ruwan igiya?" in ji Kawu, wanda ya yi shekara talatin yana ɗaure shanu bai ga igiya ta kashe ko ɗaya ba.

Masuntan jihar Maine da Massachusetts da maƙwabtansu na Kanada suna kama lobsta, wani babban yayan jatan lande mai hannuwa kamar na ƙaguwa, wanda ake saye da tsada. Keji suke jefawa ƙasan teku da ɗan abinci a ciki, sau da yawa a jere, an ɗaure su da juna kamar raƙuman ayari. Daga kejin ƙarshe sai igiya ta miƙe tsaye har saman ruwa, a ɗaura mata gora, don gobe a san inda aka ajiye kaya. A Maine mai lasisi ɗaya na iya zuba keji har 800. Ku lissafa da kanku yawan igiyoyin da ke tsaye cikin ruwan nan, sai ka ce dajin gamba. Ga kuma baiwar Allah ta taho baki buɗe. Igiya ta shige bakin, ko ta naɗe fiffike, ko wutsiya. Dabbar ta firgita ta yi birgima, ta ƙara naɗe kanta. Daga nan ta ci gaba da tafiya tana jan igiya da keji, ɗaruruwan kilomita.

Kawu, saniyarka in ta gaji kwanciya take yi. Wannan in kayan da take ja sun hana ta fitowa shan iska, ta halaka. Igiyar kuwa tana cin nama a hankali kamar zarto har ta kai ƙashi. Michael Moore, likitan dabbobi a cibiyar binciken teku ta Woods Hole, wanda ya shafe shekaru yana feɗe gawarwakinsu, ya ƙiyasta cewa wadda sarƙewa za ta kashe takan yi kusan wata shida tana jinya kafin ta cika. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda ke raye suna ɗauke da tabon igiya. Akwai wata da aka raɗa wa Snow Cone. An gan ta a sarƙe a watan Maris na 2021, sai ga ta a Disamba a gaɓar jihar Georgia da jariri a gefenta, igiyar na nan a bakinta. Ganin ƙarshe da aka yi mata a Satumbar 2022 ne, ta rame, ta ƙara kwasar wata igiyar. Na ga Hajiya ta ajiye kofi. Ai na san nan ne za ki daina dariya.

Yanzu Alhaji ya gyara zama, ya ce abin ai mai sauƙi ne: a cire igiyar mana. Madalla, Alhaji, da ma kai ake jira. Cire ta aka yi niyya. Saura ka gaya mana yadda za a ɗauko kejin da ke mita 50 ko 100 a ƙasan ruwa mai duhu, mai sanyin da ke tsinka yatsa.

Dabarar da aka fito da ita ita ce a tura igiyar da gorarta ƙasa tare da kejin, a kulle su, sai mai kaya ya zo ya kira. Kamfanin EdgeTech na Massachusetts ya yi wani keji da ake naɗe igiya a ciki, murfinsa ɗauke da gora; in sakata ta saki, murfi ya taso yana jan igiyar a baya. Ƙungiyar SMELTS ta bi wata hanya: jaka ce da ɗan tulun iska, in an kira sai jakar ta kumbura ta ɗago kayan sama, babu igiya ko kaɗan. Akwai Ashored a Nova Scotia ta Kanada, akwai Desert Star da Sub Sea Sonics a Kalifoniya, kowa da irin tasa sakatar. Wata ƙaramin inji ne ke murɗa ta. Wata siririyar waya ce ke riƙe da ita, a tura mata wuta ta tsinke.

Ɗan'uwana mai shagon waya ya ce wannan ai rimot ne, irin na buɗe mota, a ba shi kwana biyu ya haɗa. Ƙanena, jefa wayarka cikin randa ka kira ta mu ji. Ruwan gishiri haɗiye igiyar rediyo yake yi cikin 'yan taku, kuma tauraron ɗan'adam ba ya ganin abin da ke ƙasan teku. Abin da ke tafiya a can sauti ne, yana cin kusan mita 1,500 a daƙiƙa, ninki huɗu da wani abu na gudunsa a iska. Don haka masunci ke saka wata 'yar na'ura a ruwa ta yi ƙara da lambar sirri, sakatar da ke ƙasa ta ji, ta gane ubangidanta ne, ta buɗe. In ta buɗe wa maƙwabci, an yi sata. In ta ƙi buɗe wa mai ita, kayan miliyoyi sun zama na aljanun ruwa.

To a nan ɗalibinmu ya shigo, kuma a nan nake so ku matso da benci.

Ranar farko ba lissafi ake ba shi ba. Zoben roba ake miƙa masa, baƙi, siriri, irin wanda ke bakin tukunyar gas. Shi ne ke tsakanin batir da teku. Zai wanke hannu, ya goge ramin da zoben ke kwanciya, ya ɗaga zoben a gaban fitila yana juya shi a hankali yana neman tsaga, ya shafa masa man silikon ɗan kaɗan, daidai yadda zai yi sheƙi, don in ya yi yawa ƙura yake kwasa. Gashi ɗaya in ya gitta a kan zoben nan, ya zama hanyar ruwa. Dalili kuwa, kowace mita 10 da ka nutsa teku tana ƙara maka matsi daidai da na iskar duniya gaba ɗaya. A mita 100, wuri mai faɗin farcen ɗan yatsa yana ɗauke da kusan kilo 10. Ruwa mai irin wannan ƙarfi ba ya sallama. Daga nan a saka na'urar a tankin gwaji, a rufe, a matsa mata ruwa, a bar ta ta kwana. Da safe yaro ya kwance notuna yana addu'a, ya leƙa. In ya ga ɗigo ɗaya, aiki ya koma farko. Mai facin bakin tasha, wanda ke tsoma tayar babur a baho yana neman kumfa, zai gane wannan aiki kafin farfesa ya gane.

Sai tsatsa. Littafi ya ce akwai farin ƙarfe da ba ya tsatsa, irin na cokulan silba. Teku ba ta karanta littafin ba. A lungun da iska ba ta shiga, ƙarƙashin wosha ko cikin zaren noti, sai ya riƙa rarakewa ta ciki, waje na sheƙi. In kuwa yaro ya yi gangancin ɗaura notin wannan ƙarfe a jikin alminiyam ya jefa cikin ruwan gishiri, ya haɗa batir ke nan bai sani ba: ƙarfe ɗaya ya riƙa cin ɗaya, bayan wata biyu a ɗago alminiyam ya yi fari fat kamar garin rogo. Maganin shi ne a raba su da roba, ko a liƙa guntun tutiya a gefe ya zama abin fansa, teku ta ci shi ta ƙyale sauran. Abin da ya fi burge ni, wasu sun mai da cutar magani. Akwai sakatar da babu batir babu sauti: ɗan ƙarfen maganiziyam ne da aka auna kaurinsa yadda ruwa zai cinye shi cikin kwanakin da ake so, in ya tsinke gora ta taso. Agogo ne da aka ƙera da tsatsa. Sai dai ɗumin ruwa da yawan gishirinsa na sa shi sauri ko jinkiri, kuma wani ne zai zauna da bokitai da ma'aunin zafi yana rubuta ranar da kowanne ya tsinke. Kun san ko wane ne wannan wanin.

Jakar iska ma da nata rikicin. Iskar da aka hura a mita 30 a matse take. Kafin ta iso sama ta ninka huɗu. In babu bawul ɗin da zai riƙa rage ta, jaka ta fashe a hanya kaya su koma inda suka fito. Ga laka da ke cika sakata. Ga wasu ƙananan halittu masu ɓawo da ke liƙewa a jikin duk abin da ya daɗe a ruwa, kuma ba su ga wurin gina gida ba sai daidai inda ƙarfe ke motsi.

Yayana mai digiri biyu ya taɓe baki, ya ce wannan aikin maƙera ne, shi injiniya zane yake yi a kwamfuta. Sannu, Yallaɓai. Ni ma na ɗan shaƙi ƙamshin ajin nan, na kuma yi nawa koyon aikin, irin wanda ake tura ɗalibai tun shekarun 1970 a ƙarƙashin SIWES. Wata shida na yi a wata ma'aikata. Na ƙware a sayo ƙosai da zafinsa, na san wane oga ne ba ya son yaji, na iya cire takarda in ta maƙale a injin kwafi. Injin da aka ce na zo koya kuwa, sau biyu na gan shi, ta taga. Littafin rahotona ya cika taf da ayyukan da ban yi ba, aka buga masa hatimi, na ci jarrabawa. Da a ce ranar an miƙo mini sifana an ce kwance wancan, da sai na tambayi ta wane gefe ake murɗawa. Yaron Panteka a Kaduna da bai gama firamare ba ya fi ni sanin halin ƙarfe a lokacin, kuma ina zargin har yau.

Ba wai Turawa sun fi mu kai ba ne, kada Alhaji ya tashi da faɗa. Tsari ne. Jami'ar Northeastern ta Boston ta fi shekara ɗari tana tura ɗalibanta aiki na wata shida ana biyansu, su dawo aji, su sake komawa. Cibiyar Woods Hole na ɗaukar ɗalibai a lokacin bazara, kowanne da aikin da zai kare a gaban manya. Masu ƙera kayan kamun nan kuwa yawanci ƙanana ne, ma'aikatansu ba su cika motar haya ba, don haka babu mai sukunin aiken yaro ƙosai. Wanda ya zana sakata da safe shi zai feƙe ta a inji da rana, shi zai gwada, shi zai ga ta karye.

Sannan a kai shi jirgi. Ƙarfe huɗu na asuba, sanyi, warin kifin da ake sa wa keji, jirgi na rawa. Sa'a ta farko yaro na rungume da ƙarfen gefe yana mai da karin kumallonsa ga teku. In ya farfaɗo sai masunci ya miƙo masa na'urar da ya yi wata biyu yana alfahari da ita, ya ce, sake ɗana ta. Sai a lokacin ya gane cewa ɗan maɓallin da ya zana don yatsansa na ofis ba ya kamuwa da hannu mai safar roba mai kauri, jiƙe da ruwa. Ya gane igiyar da ya naɗe tsaf a kan tebur, in an cusa ta cikin gaggawa, ƙulli take yi ta tsaya a rabin hanya. Mutumin da ke ɗaga keji ɗaruruwa a yini, minti biyu da ka ƙara masa a kowane jeri abincin iyalinsa ka taɓa.

Kuma bari in faɗa muku abin da zai yi muku daɗi: masuncin nan taubashinku ne. Duk abin da kuka faɗa a bencin nan ya riga ku faɗa, har da ashar. Ya ce igiya da gora ba su kai kuɗin cefane ba, na'urarku kuwa dubban daloli ce kowace ɗaya. Gaskiyarsa. Ya ce gorar nan ba don ni kaɗai take ba, ita ce ke gaya wa maƙwabcina kada ya zuba kayansa a kan nawa, ita ce ke gaya wa mai jan taru ya kauce. In kun ɓoye ta, wa zai raba mu faɗa? Nan ma gaskiyarsa, shi ya sa ake ta fama da manhajojin da ke nuna wurin keji a allon jirgi, ana neman yadda na'urar wannan kamfani za ta yi magana da ta wancan. Masuntan Maine sun daɗe suna cewa a nuna musu gawa ɗaya da igiyarsu ta kashe. A Disambar 2022 'yan majalisarsu suka sa majalisar dokokin Amurka ta dakatar da sababbin ƙa'idojin igiya har ƙarshen 2028. Sai a Janairun 2024 teku ta turo gawar wata giwar teku 'yar shekara uku tsibirin Martha's Vineyard, igiya ta nutse a wutsiyarta, da alamar shunayya irin wadda doka ta sa masuntan Maine ke yi wa tasu. Ban faɗi wannan don in ci musu fuska ba. Joe Howlett, wanda ya rasa ransa a Yulin 2017 a mashigin St. Lawrence jim kaɗan bayan ya yanke wa wata giwar teku igiya, shi ma masuncin lobsta ne. A shekarar nan giwayen teku 17 suka mutu tsakanin Kanada da Amurka.

Kafin sakata ta yi arha ana lallaɓawa da abin da ya samu. An wajabta igiya mai rauni da ke tsinkewa in an ja ta da ƙarfin fam 1,700, kusan kilo 770, don babba ta iya fizgewa. Jariri kuwa sai addu'a. Ana rufe wani yanki na gaɓar Massachusetts daga Fabrairu zuwa ƙarshen Afrilu. Kuma hukumar NOAA ta Amurka ta buɗe wani ɗakin aro a Woods Hole, inda masunci zai karɓi na'ura kyauta ya gwada, ya dawo ya faɗi aibinta. Wasu masu izinin gwaji har suna shiga wurin da aka rufe su yi kamu da ita, maƙwabtansu na zaune a gida. Na lura babu wa'azin da ya sauya ran mai shakka kamar ganin maƙwabci ya dawo da kaya.

Hajiya ta ce to mu da ke fama da kuɗin taki, me ya haɗa mu da wannan? Ba da yawa ba, Hajiya, ba zan yi miki ƙarya ba. Akwai dai wasu 'yan'uwan giwar tekun masu doro da ke zuwa haihuwa Mashigin Gini a watannin damina, daga Gabon har gaɓar Benin. A Afirka ta Kudu kuma, a 2019, gwamnati ta dakatar da kamun dorinar teku mai hannu takwas a False Bay bayan igiyoyi sun kashe giwayen teku, ba a sake buɗewa ba sai da aka gindaya sharaɗin sauya kayan aiki. Amma ni ba don su na kawo zancen ba. Na kawo shi ne don ɗan Alhaji da ke aji uku a injiniya, wanda za a tura koyon aiki bana, kuma na ji uban na neman masa ofis mai na'urar sanyi.

Alhaji har yanzu yana cewa sakata ce kawai, ko maƙerin unguwa ya yi ta. To ga bokiti, ga gishiri: giram 35 a kowace lita, haka teku take. Ciro kwaɗon shagonka, wanda kake cewa ɗan Jamus ne, mu jefa a ciki, mu ajiye wa mai shayi a ƙarƙashin tebur. Ranar da wata ya cika ka zo da makullinka. In ya buɗe a murɗa ɗaya, shayin benci duka a kaina, har da ƙwai. In ya ƙi, kai za ka biya, kuma Kawu ya ce nasa da madara biyu.